Zuwa ga Yaya, daga Gilasgo

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya jikin Inna, ya yara? Ni dai lafiya lau, aiki sai godiya.

Na turo kuɗi ta asusunka ranar Litinin. A fara da maganin hawan jinin Inna, sannan kuɗin makarantar Auta. Abin da ya saura a sayi gero tun kaka ba ta wuce ba. Kada a ba Auta ko sisi a hannu, kai za ka kai makaranta da kanka.

Sai maganar hoton nan da na ɗauka a kan dutse ranar hutuna. Gwaggo ta bugo mini waya tana ta faɗa, wai a unguwar Mabera ana cewa na samu duniya ina yawon shan iska, na bar Inna tana fama. Wallahi raina ya ɓaci. Dutsen sunansa Ben Lomond, tsayinsa mita 974, yana arewa da garin nan a bakin tafkin Loch Lomond. A Sikotilan ba a biyan ko kwabo don hawan dutse, doka ta ba kowa dama. Motar abokin aikina muka shiga, takalmin aro ne, rigar sanyin da suke ta magana a kai kuwa gwanjo ce. Mutum ya kwana yana ɗawainiya da tsofaffin mutane, ranar hutunsa ma sai an sa masa ido?

Yanzu Nuwamba ta yi nisa, ganye duk ya zube. Daga ƙasa taɓo ne, sai ka yi sama ka tarar da dusar ƙanƙara 'yar kaɗan, kamar an barbaɗa gari. Ita ba ta da wata illa. Ruwan da ya kwanta a hanya shi ne yake daskarewa da dare, dusar ta lulluɓe shi, kana takawa sai santsi. Shi ya sa ake ɗaura wasu ƙarafa masu haƙora a ƙasan takalmi, a riƙe sanda. Saukowa ma ta fi hawa wuya. Ga rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 4, dole kowa da tocila a jaka. Azahar a gefen hanya na yi ta, da alwalar da na riƙe tun daga ƙasa, don ba mai taɓa ruwan can.

Ban ɓoye maka ba, da na kai ƙololuwa na ji daɗi. Ɗan Sakkwato, wanda hunturun Janairu ke hana shi wankan safe! Sai kuma na tuna ɗakin Inna har yau tagarsa ba gilashi, ga iska ta kusa tasowa. A cire kuɗin gyaran daga na gero.

Kada ka faɗa mata zancen santsin nan, ce mata wuri ne mai kyau kawai.

Na kuma ji Auta ya koma kabu-kabu da dare. In gaskiya ne ka karɓe makullin babur ɗin, ka ce ni na ce. Kuma kuɗin makaranta a hannunka, Yaya, ba nasa ba. Ka turo mini hoton rasit.

A gaida Baba Ƙarami da Gwaggo, duk da faɗanta.

Ƙanenka.