A ware wa Demis Roussos rabin sa'a a shirin waƙoƙin ƙetare

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon gidan rediyonku ya ware rabin sa'a domin tunawa da mawaƙin nan na ƙasar Girka, Demis Roussos, wanda ya rasu a Athens ranar 25 ga Janairu 2015 yana da shekara 68, bayan fama da ciwon daji. Masu sauraronku da yawa sun san karin waƙarsa ko da sunansa baƙo ne gare su. Duk wanda ya kalli Sholay, fim ɗin Indiya na 1975, ya ji "Mehbooba Mehbooba". To, mai tsara kiɗan fim ɗin, R.D. Burman, ya ɗora ta ne a kan karin "Say You Love Me" ta Roussos, shi kuma ya ɗauko karin daga tsohuwar waƙar gargajiyar tsibirin Cyprus mai suna "Ta Rialia". Da "Mehbooba Mehbooba" da "Say You Love Me" ya kamata a buɗe shirin, minti ɗaya-ɗaya, a bar kunne ya yi alƙalanci.

Kuskuren da aka fi yi a kansa shi ne a ce Bafaranshe ne saboda ya daɗe a Paris, ko Balarabe saboda kaftani da gemu. Bagirke ne, amma a Afirka aka yanke cibiyarsa: a Iskandariyya ta Masar aka haife shi ranar 15 ga Yuni 1946, cikin al'ummar Girkawa da suka daɗe a birnin. Bayan rikicin mashigin Suez na 1956 zama ya yi wa baƙi wuya, iyayensa suka rasa abin hannunsu, suka koma Girka a farkon shekarun 1960.

A nan nake son mai gabatarwa ya dakata, domin daga Iskandariyya muryar ta fito. Tun yana yaro yake rera waƙa a cocin Girkawa na birnin, kuma waƙar wannan coci ba ta da kayan kiɗa ko ɗaya. Wasu mawaƙa suna riƙe sauti guda a ƙasa, ba hawa ba sauka, jagora kuma ya ɗauki gaɓa ɗaya ta kalma ya yi ta lanƙwasa ta a bisa wannan sautin. Idan ya fito titi kuma, kiran salla ne da waƙoƙin Larabawa. Shi ya sa za ka ga ƙaton mutum, amma murya siririya can sama, tana rawa a ƙarshen kowane layi kamar mai shirin kuka. A sa "My Friend the Wind", a ce wa masu sauraro su kula da yadda yake jan wasali, da yadda buzuki ke amsa masa. Buzuki molon Girkawa ne mai dogon wuya, tsirkiyoyinsa na ƙarfe ne a jere bibbiyu, ana kaɗa su da sauri har sautin ya riƙa kyarma. Kada mai gabatarwa ya yi magana a kan kiɗan buɗewa kamar yadda aka saba. Wanda ya rufe buzukin ya rufe rabin waƙar.

Sai zamanin ƙungiyar Aphrodite's Child, inda yake waƙa yana kaɗa jita mai kauri, tare da makaɗin piyano Vangelis da mai ganga Loukas Sideras. A 1968 suka nufi Landan, aka hana su shiga don ba su da takardar izinin aiki, suka maƙale a Paris ana tsakiyar yajin aikin watan Mayu. Nan suka ɗauki "Rain and Tears", wadda aka gina a kan wani tsohon kiɗan Bajamushe Pachelbel mai sauti takwas da ke ta zagayowa. Minti uku ce da 'yan kai, a sa ta duka. Faifansu na ƙarshe, 666, wanda ya fito a 1972, yana buƙatar hattara. A tsaya a kan "The Four Horsemen", mai kusan minti shida, a rage ta in lokaci ya ƙure. Kada a saki faifan ya yi ta tafiya, domin akwai waƙar da 'yar wasa Irene Papas ta yi a ciki, wadda kamfanin faifan ma ya yi ta jan ƙafa a kanta, kuma ba ta dace da gidan rediyon da iyali ke saurare ba.

Daga 1971 ya ci gashin kansa da "We Shall Dance". "Forever and Ever" ta fito a 1973, ta kai matsayi na ɗaya a Birtaniya a 1976. Wajen nemo waɗannan a intanet ne ake tafka kuskure na biyu. Ya sake rera shahararrun waƙoƙinsa daga baya da kiɗan na'ura, kuma waƙa ɗaya takan zo da Turanci da Jamusanci da Sifaniyanci. A duba shekara da sunan kamfani: na asali na shekarun 1970 Philips ne ya fitar.

Labarin ƙibarsa, kilo 147 a 1980 da rage kilo 50 cikin wata goma, layi ɗaya ya ishe shi. An yi masa isgili a kai fiye da kima yana raye. Abin da ya fi cancantar ambato shi ne jirgin saman kamfanin TWA na Amurka mai lamba 847 da aka yi fashinsa ranar 14 ga Yuni 1985 bayan tashi daga Athens zuwa birnin Rum na Italiya. Yana cikin fasinjojin, ya cika shekara 39 a hannun masu garkuwa, aka sako shi a Beirut bayan 'yan kwanaki.

Idan an kasa lokacin, minti ashirin na kiɗa da goma na bayani sun wadatar. A rufe da "Goodbye My Love Goodbye", a bar ta ta kai ƙarshe kafin a karanta sanarwa.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai sauraro daga Kano