Mijin ƙanwata ya hana ta tattakin asuba

Assalamu alaikum Malama. Jiya da la'asar mijin ƙanwata ya tare ni a zaure ya ce kada in ƙara taka gidansa, wai ina koya wa matarsa yawo. Yawo fa! Tattakin minti 10 ne bayan sallar asuba, daga ƙofar gida zuwa bakin kwalta ta dawo kafin rana ta ɗaga, don kin san zafin Maradi a watan Afrilu, yakan haura digiri 40.

Wata huɗu ke nan da haihuwarta. Tun da ta yi arba'in ba ta barci ko da jaririn ya kwanta, abinci sai an matsa mata, ga kuka ba dalili. Ƙuncin da ya wuce mako biyu haka ba gajiyar jego ba ce, ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, duk ma'aikaciyar jinya ta san shi. Na tsara mata minti 10 a makon farko, ana ƙara 5 duk mako har ta kai 30, kwana biyar a mako. Shi ne minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci babba ya yi. Sauri daidai yadda za ta iya magana amma ba ta iya rera waƙa, ta sha ruwa kafin ta fita, in jiri ko jini ya zo ta tsaya. Au, na manta, tiyata aka yi mata, shi ya sa na hana ta tsalle da ɗaukar nauyi.

Shi cewa yake ta riƙa zuwa biki da suna, za ta ware. Bai ma san wadda ya aura ba. Tun tana ƙarama taro gajiyar da ita yake. Mai son jama'a ake haɗawa da ƙungiya. Irinta sai ita da mutum ɗaya, lokaci guda kullum, in ba haka ba ta daina. Wai shara ma motsa jiki ce. To, amma tsakanin katanga huɗu, ba iska ba ganin kowa?

Na yarda ban nemi izininsa ba, amma yaushe yake zama? Kullum yana hanyar Jibiya. Kwana tara kawai ta fita, barcinta ya fara daidaita. Uwarsa kuma ta dage iska ce, sai turara hayaƙi suke.

Shekaranjiya ƙanwata ta ce mini da ma ta kwanta ba ta farka ba. Wannan ya fi ƙarfin tattaki, sai likita. Malama, in kai maganar wurin Baba ne, ko in ɗauke ta zuwa asibiti ba da saninsa ba? Kuma shi da ya kore ni, ni ce zan ba shi haƙuri?

Yayarta, daga unguwar Ali Ɗan Sofo, Maradi