Amsa ga ƙanina da ya ce ƙuruciyarmu muke kewa

Assalamu alaikum, ƙanina.

Tunda a bainar jama'a ka yi mini tambayar, a nan zan amsa maka. Ka ce mu da muka taso da na'urorin wasan bidiyo na Super Nintendo da PlayStation ta farko ba mu da zance sai na tsofaffin wasannin RPG, waɗanda mutum ke shiga rigar jarumi ya bi labari tun daga farko har ƙarshe. Ka tambaya ko wasannin sun kai yadda muke kuranta su, ko kuwa ƙuruciyarmu ce muke kewa muka fake da su. Na kwana biyu ina juya maganar a raina kafin na zauna rubutu.

Bari in fara ba ka gaskiyarka. Akwai ƙuruciya a ciki, kuma da yawa. A lokacin muna da abin da yanzu ya gagare mu, wato lokaci: yaro ya zuba awa arba'in a wasa ɗaya ba tare da wani nauyi na jiransa ba. Akwai kuma abubuwan da ko kaɗan ba na kewarsu. Kana tafiya cikin kogo, taku kaɗan sai allo ya juya, faɗa ya taso da dodon da ba ka gani ba, ka gama, ka ƙara taku kaɗan, wani ya sake tasowa. Wani lokaci sai ka yi awa guda kana zagaye wuri ɗaya kana kashe ƙananan dodanni don kawai jarumanka su ƙara ƙarfi. Duk wanda ya ce maka wannan daɗi ne, mantuwa ce ta rufe masa ido.

To amma ban tsaya ga tunani ba. Bara na koma na buga Chrono Trigger daga farko, da furfurata, na kuma shirya wa raina cewa wataƙila zan ji kunya. Ban ji ba. Kamfanin Square ne ya fitar da shi a 1995, kuma mutum uku da ake ji da su suka haɗu a kansa: Hironobu Sakaguchi mai Final Fantasy, Yuji Horii mai Dragon Quest, da mai zane Akira Toriyama wanda ya rasu a 2024. Labarin yana yawo da kai daga shekara miliyan 65 kafin miladiyya zuwa shekara ta 600, ta 1000, har ta 2300, kuma abin da ka aikata a wani zamani kana zuwa ka tarar da sakamakonsa a na gaba. Dodanni a fili suke kana ganinsu, in ka so sau da yawa ka kauce musu. Ƙarshen labarin ya fi kala goma. Duk wannan a cikin kaset mai megabait huɗu, girman da hoto ɗaya na wayarka kan kai.

A wannan ƙarancin ne amsata take, ƙanina, don haka ka yi haƙuri in ɗan daɗe a nan. Masu ƙirƙirar ba su da wurin zuba komai, sai dole ta sa suka zaɓi abin da ya fi muhimmanci, sauran suka bar wa mai wasa ya cike da ransa. Jarumi ɗan ɗige-ɗige ne da bai kai tsawon ɗan yatsa ba a talabijin. Ba shi da murya. In baƙin ciki ya kama shi, abin da zai iya kawai shi ne ya sunkuyar da kai. Hawayen kai ne za ka sa masa, muryar ma kai ne za ka ba shi, shi ya sa Celes ɗin da ke kaina ba irin ta wani ba ce.

Ita Celes a Final Fantasy VI take, na 1994, wanda aka sayar a Amurka da sunan Final Fantasy III. A tsakiyar wasan mugun, Kefka, yana yin nasara. Duniyar da ka sha wahalar karewa ta wargaje a gabanka, taswira ta canza, abokan tafiya suka watse. Sai Celes ta farka bayan shekara guda a wani tsibiri, ba kowa sai tsoho Cid da ya yi jinyarta har shi ma ya kwanta. Aikinka shi ne ka je bakin ruwa ka kamo masa kifi. In ka riƙa kawo masa masu lafiya sai ya tashi, in ka kawo marasa kuzari sai ya mutu, kuma wasan bai gaya maka haka ba. A hannuna ya mutu a karon farko. Na ajiye abin wasan na yi shiru na daɗe, domin na san da hannuna na yi. Na koma wurin nan ina babba, zuciyata ta sake yin nauyi kamar ban san abin da ke tafe ba.

Kiɗan ma haka yake. Na'urar Super Nintendo sauti takwas kawai take iya fitarwa a lokaci guda, ma'ajiyar sautinta kilobait 64 ce. Mai tsara kiɗa irin Nobuo Uematsu ko Yasunori Mitsuda ba shi da taron makaɗa da zai ɓuya a bayansu, dole karin kansa ya tsaya da ƙafarsa. Shi ya sa bayan shekara talatin nake iya rera shi da baki ba tare da na yi tuntuɓe ba.

Abu na biyu gajere ne. Wasan a kammale yake zuwa. Ba ya neman intanet, ba ya tsayar da kai ya ce ka sayi takobi da kuɗin gaske, ba ya roƙonka ka leƙo kullum don kada ka rasa kyauta. Yana da ƙarshe, in ka kai sai ya sallame ka.

Inda ƙuruciyar ta fi kama ni kuwa, a wajen suna ne. Chrono Trigger na Super Nintendo harafi biyar kawai yake ba ka na sunan kowane jarumi, har shi babban jarumin Crono aka rubuta shi don sunan ya shiga. Mu kuwa sunayen 'yan'uwa da abokai muke gutsurewa mu cusa. Ajiyar wasan, wato inda ka tsaya da sunayen da ka sa, tana rataye ne da wani ɗan batir mai kamar kwabo da ke cikin kaset, kuma batir ba ya dawwama. Ranar da na kunna tsohon kaset ɗina na tarar da guraben ajiya uku babu komai, ba awannin da na zuba ne suka dame ni ba, sunayen nan ne, don akwai a cikinsu wanda yau ba ya duniya. Wannan kewar tawa ce ni kaɗai, ba zan ce maka darajar wasan ba ce.

Kada ka ɗauka ina raina wasanninku. Akwai na yanzu da suka burge ni ƙwarai. Sai dai ka lura cewa masu sana'ar da kansu suna komawa wannan rijiya su ɗebo: Octopath Traveler ya fito a 2018 da jarumai 'yan ɗige-ɗige, Sea of Stars da aka yi a Kanada ya biyo a 2023 har da kiɗan Mitsuda a ciki, sannan a 2024 aka sake gina Dragon Quest III na 1988. Da ƙuruciyarmu ce kaɗai jarin waɗannan wasanni, da sun tsufa tare da mu.

Ga roƙona. Kai ba ka da wata ƙuruciya a Chrono Trigger, saboda haka kai ne alƙalin da ya fi ni cancanta. Ana samunsa a waya da kwamfuta. Ka kashe sanarwar wayarka, kada ka nemi bayani a intanet, ka sa wa jaruman sunayen mutanenka. Ka buga har ka isa shekara ta 2300, inda yaran suka tarar da wani tsohon allo da ya nuna musu yadda babban dodon wasan, Lavos, ya hallaka duniya a 1999. 'Yan awanni ne daga farkon wasan. In ka kai nan ka ajiye, ka rubuto mini a gaban mutanen nan abin da ka ji, ko da bai yi mini daɗi ba.

Naka,
Yayanka.