Wa ya ci riba a cinikin Tkachuk? A bar saurin yanke hukunci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa gare ka da ma'aikatanka. Ƙorafi na kawo, kuma a kan shafinku na wasanni ne. Duk sa'ad da wata ƙungiya ta ɗauki babban ɗan wasa, kafin yaron ya gwada rigar ma, marubucinku ya riga ya raba gardama: wannan ta tsinci dami a kala, waccan an yi mata sakiyar da ba ruwa. Mu ma haka muke yi a majalisar shayinmu ta Aboabo, amma tamu magana iska ke ɗauke ta. Tasa kuwa tana nan a rubuce, yara suna karantawa suna ɗauka haka ake auna ciniki.

Hujjata zan ɗauko ta daga wasan da na san yawancin masu karatu ba su damu da shi ba, wato hokin ƙanƙara. Ba irin na ciyawa ba da ake bugawa a filin Theodosia Okoh a Akara. Wannan a kan daskararren ruwa ake yinsa, mutum shida kowane ɓangare, da takalma masu wuƙa a ƙasa, suna korar wani ɗan baƙin faifan roba da sanduna. Babban ɗana direban tirela ne a Kalgari ta ƙasar Kanada, shi ya jefa ni ciki. Idan ƙungiyar garinsu, Flames, za ta yi wasa da ƙarfe bakwai na yammansu a lokacin sanyi, mu nan biyun dare ne. Sai in jingina waya a jikin buta, in matso da fuska har hancina ya kusa taɓa gilashin, don faifan ba ya ganuwa. Sau da yawa sai jar fitilar bayan raga ta kama nake sanin an ci. Uwargida ta gaji da magana ta zuba mini ido.

A babbar gasarsu ta Amurka da Kanada, wato NHL, ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi kamar yadda muka saba a ƙwallon ƙafa. Musaya ake yi, ba ni gishiri in ba ka manda: mutum da mutum, ko mutum da damar zaɓen matashi a shekara mai zuwa. Kuma tun 2005 akwai iyakar albashin da kowace ƙungiya za ta biya gaba ɗaya. Saboda haka in ka danƙara wa mutum ɗaya albashi mai kauri, ka rage abin da za ka ba sauran ke nan, har ranar da kwantiraginsa zai ƙare. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A watan Yulin 2022 Kalgari ta miƙa wa Fulorida Panthers yaronta Matthew Tkachuk, mai shekara 24. Ita kuma ta karɓi Jonathan Huberdeau, da mai tsaron baya MacKenzie Weegar, da wani matashi Cole Schwindt, da damar zaɓe a zagayen farko. Huberdeau ya gama kakar da ta wuce da maki 115, Tkachuk yana da 104. A wajensu maki ɗaya ake rubuta wa wanda ya ci da wanda ya taimaka aka ci. To ka ga a takarda Kalgari ta ba da ɗari da huɗu ta karɓi ɗari da goma sha biyar, ga gyara a kai. Ɗana ya kira ni muryarsa har rawa take, yana cewa, "Baba, an yi wa Fulorida wayo." Masu sharhi da dama can ma yabon manajan Kalgari, Brad Treliving, suka yi ta yi. Da marubucinku yana bin wasan, na tabbata da shi ma ya bi sahu.

Kaka ta gaba Huberdeau ya faɗo daga 115 zuwa 55. Tkachuk ya yi 109. Fulorida ta kai wasan ƙarshe na Kofin Stanley, babban kofin gasar, a 2023 Vegas ta doke ta, ta dawo ta ɗauki kofin a 2024, ta maimaita a 2025, duka biyun a hannun Edmonton. Kalgari kuwa a waɗannan shekaru uku ko zagayen fitar da gwani ba ta leƙa ba. Yau in ka tambayi kowa zai ce maka ai a bayyane take, Fulorida ta yi wa Kalgari fintinkau. Ban musa ba. Abin da nake musu shi ne yadda ake kaiwa ga wannan hukunci, domin masu faɗinsa yau da ƙarfi su ne suka faɗi akasinsa da ƙarfi a 2022.

Duba wani abu da ake mantawa. A ƙarshen kakar farko bayan cinikin, Kalgari ta tara maki 93 a teburi, Fulorida 92. Wato wadda aka ce an cuta ta fi wadda ta cuta da maki ɗaya. Sai dai ba rukuninsu ɗaya ba: 93 bai isa ba a yamma, 92 ya isa a gabas, Fulorida ta shige da ƙyar a gurbin ƙarshe. Can ta haɗu da Boston, wadda ta kafa tarihin cin wasa 65 a kakar, har Boston ta yi gaba da ci 3 da 1 a jerin wasanni bakwai, sannan Fulorida ta juyo ta fitar da ita. Da wata ƙungiya a gabas ta ƙara cin wasa ɗaya tak, da babu wannan labari, da a bazarar nan an ce duka ɓangarorin biyu sun tafka asara. Wanda ya yi hukunci a Yuli ya yi kuskure, wanda ya yi a Afrilu ma da ya yi. Ba a banza aka ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa ba.

Kuma kofin nan ba Tkachuk kaɗai ya ɗauko shi ba, duk da ba na raina yaron da ya shiga fili da karyayyen ƙashin ƙirji a wasan ƙarshe na 2023. Akwai Sergei Bobrovsky a raga, akwai kyaftin Aleksander Barkov, akwai Sam Reinhart da ya zura 57 a kakar 2023 zuwa 2024, akwai sabon koci Paul Maurice da ya sauya salon wasansu. Abin dariya ma, wanda aka ba kyautar gwarzon zagayen fitar da gwani a 2025, Sam Bennett, shi ma daga Kalgari ya zo, a wani ƙaramin ciniki na 2021 da ba a yi wa kiɗa ba.

Ni dillalin shanu ne, a wannan sana'a na tsufa. Ranar da masu saye suka gane cewa dole ne Bafillace ya rabu da sansa kafin magariba, farashin wannan sa ba na jiya ba ne, komai ƙibarsa. Wannan shi ne halin Kalgari a makon nan. 'Yan kwanaki kafin cinikin, tauraronsu Johnny Gaudreau, Allah ya kyauta makwanci tunda ya rasu a 2024, kwantiraginsa ya ƙare ya tafi Kolombos ba su sami ko anini ba. Sai Tkachuk ma ya shaida musu ba zai sa hannu a doguwar yarjejeniya ba. Duk ƙungiyoyin gasar sun ji. Ashe tambayar ba wai wa ya fi tsakanin Tkachuk da Huberdeau ba ce. Tkachuk tafiya zai yi ko ana so ko ba a so. Tambayar ita ce me mutumin da aka ritsa zai iya fita da shi, kuma a wannan ma'auni abin da Treliving ya samo ba abin kunya ba ne. Weegar shi kaɗai, mai tsaron baya, ya ci 20 a kakarsa ta biyu a can.

Inda nake ganin an yi ɓarna shi ne bayan cinikin. Tun Huberdeau bai buga musu wasa ko ɗaya ba, suka ba shi kwantiragin shekara 8 a kan dala miliyan 84, mutumin da ya riga ya kai shekara 29. Fulorida ta ba Tkachuk shekara 8 a kan miliyan 76. Wanda ya fi tsufa da shekara kusan biyar shi ya fi tsada. Ba su tsaya sun ga ko zai jitu da kocinsu na lokacin, Darryl Sutter, mutum mai tsauri da son wasan tsaro ba, alhali Huberdeau ɗan gwaninta ne mai son sarari. Ba su jitu ba, aka sallami kocin a 2023, kwantiragi kuwa yana nan daram yana cin gurbin albashin mutum biyu ko uku. Wannan shawara ce dabam da musayar, amma masu sharhi sai su cure su wuri ɗaya su ce ciniki ya ɓaci.

Da ni ne, da na nemi matasa da damar zaɓe zalla, in haƙura da shan kashi na 'yan shekaru. Ɗana ya ce ai ni ba na biyan kuɗin tikiti, shi ya sa haƙuri yake mini arha. Yana da gaskiyarsa, kuma tarihi ma ya ba shi abin kafa hujja.

A 1991 ƙungiyar Nordiques ta birnin Kwibek ta zaɓi Eric Lindros, matashin da kowa ke cewa shi ne magajin Wayne Gretzky, gwanin gwanayen wasan. Yaro ya ce shi kam ba zai buga musu ba. Aka shekara ana ja, har a 1992 shugabannin Kwibek suka yi abin da ko a kara ba a yi: suka sallama shi ga Filadelfiya da New York Rangers a rana ɗaya, sai da aka kawo mai sasanci ya ce cinikin Filadelfiya ne ya riga faɗawa. Filadelfiya ta biya da 'yan wasa shida, cikinsu har da Peter Forsberg da Mike Ricci da gola Ron Hextall, da damar zaɓe biyu a zagayen farko, da dala miliyan 15, don a lokacin ba a hana sa kuɗi ba. Lindros bai ba da kunya ba. Ya zama gwarzon gasar a 1995, ya kai su wasan ƙarshe a 1997, Ditiroit ta share su 4 da nema. Daga baya yawan buguwa a ka ya rage masa kaifi. Kofi dai bai zo ba.

Ɗaya ɓangaren kuwa, Forsberg ya zama ɗaya daga cikin gwanayen zamaninsa. Da ɗaya daga cikin damar zaɓen nan suka ɗauki gola Jocelyn Thibault. A Disamban 1995 aka yi wani dare a Montiriyal da Ditiroit ta ci su 11 da 1, koci ya bar shahararren golansu Patrick Roy a raga har sai da aka zura masa 9. Da aka fitar da shi, sai ya ratsa ta gaban kocin ya nufi shugaban ƙungiyar da ke zaune a bayan benci, ya gaya masa ya gama buga wa Montiriyal. Cikin 'yan kwanaki aka musanya shi zuwa ƙungiyar su Forsberg, kuma Thibault na cikin abin da aka bayar. Ka ga zaren cinikin 1992 bai tsinke ba sai da ya jawo Roy. Da Forsberg da Roy da kyaftin Joe Sakic aka ɗauki kofi a 1996, aka sake a 2001.

To amma a ina aka ɗaga kofin? A Denba ta jihar Kolorado a Amurka. An sayar da ƙungiyar a 1995, ta tashi daga Kwibek ta zama Avalanche. Mutanen da suka cika fili shekara da shekaru ƙungiyarsu na kwana a gindin teburi, waɗanda yaro ya ƙi garinsu a idon duniya, a talabijin suka ga bikin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma ina da yaƙinin da ƙungiyar tana Kwibek har lokacin, Montiriyal ba za ta taɓa miƙa wa abokiyar gabarta ta jiha ɗaya Roy ba, sai dai ya tsufa a benci. Duk littafin tarihi zai ce maka Nordiques ta ci ribar cinikin Lindros. Je ka faɗa wa dattijon Kwibek haka ka ji amsar da zai ba ka.

Mu a Kumasi bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Da Charles Taylor ya baro Hearts of Oak ya zo Kotoko a 2003, garin nan kamar ana sallah, kuma a shekarar Kotoko ta ɗauki lig bayan shekara goma tana nema. Ba a jima ba Hearts ɗin da aka ce an karya ta zo har filinmu ta ɗauke kofin Confederation na Afirka da bugun fanareti. Har yau in aka tayar da zancen a majalisa sai shayi ya huce ba a gama ba, kowa da shekarar da yake tsayar da lissafinsa.

Roƙona ga marubucinku, Malam Edita, in zai rubuta sharhin ciniki, ya gaya mana halin da mai sayarwa yake ciki ranar da ya sayar, shekarun yaron da tsawon kwantiragin da aka ɗaura masa, da abin da aka yi da canjin da aka karɓa. Sannan ya ajiye sharhin nasa, bayan shekara uku ya ciro ya sake bugawa kusa da sabon, mu karanta duka biyun. Game da Kalgari kuwa, matsayina bai sauya ba: musayar ta wanda aka ritsa ce kuma an yi ƙoƙari, miliyan 84 ɗin ne ganganci. Ɗana har yanzu cewa yake Sutter ne ya kashe Huberdeau, ni kuma na ce ko da wane koci ne, ba a ba ɗan shekara 29 shekara takwas tun ba a ga kamun ludayinsa ba.

Na gode da ba ni fili.

Naku,
Wani dillalin shanu mai karanta jaridarku,
Aboabo, Kumasi