Dokar haƙƙin mallaka ta Turai ta iso mu har Gombe

Assalamu alaikum Edita,

Dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan wani abu da mutanenmu suke ɗauka na Turawa ne kawai, alhali ni dai ya taɓa min aljihu. Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da taro a nan Gombe, kuma ina da ƴar tasha a YouTube inda nake ɗora hawan sallah da kiɗan gargajiya.

Bara na je wani biki wajen Dukku na ɗauki wani dattijo mai garaya, da izininsa, har na ba shi na goro, na dawo na kwana biyu ina gyara na ɗora, ko awa ɗaya ba a yi ba sai ga saƙo daga YouTube wai sautin nan mallakin wani kamfani ne a ƙasar waje, kuɗin talla su za a ba. Da na bi diddigi ashe wani yaro ne ya yanki kiɗan Baba daga wani tsohon ɗauka na waya ya saka a waƙarsa ta situdiyo, ya miƙa wa kamfanin rarraba waƙoƙi suka shigar da sunansa. Na tura ƙorafi, aka ce mai da'awar yana da kwana 30 kafin ya amsa, to a kwanakin farko ne ai bidiyo yake samun ƴan kallo. Wallahi abin ya ci min rai, ba don kaina kaɗai ba, mai kiɗan ko waya mai intanet bai da ita.

To ina Turai ta shigo? A ranar 26 ga Maris 2019 Majalisar Tarayyar Turai ta amince da sabuwar dokar haƙƙin mallaka, ƙuri'a 348 da 274, aka ba ƙasashensu zuwa Yuni 2021 su saka ta a dokokinsu. Inda ake rigima shi ne sashe na 17, wanda da farko ake kira na 13. A da idan wani ya ɗora kayan da ba nasa ba, sai mai kaya ya yi magana sannan shafin intanet ɗin da aka ɗora a kai ya sauke, shikenan. Yanzu kuwa shafin da kansa za a kama, sai dai in ya nuna ya yi iya ƙoƙarinsa wajen neman lasisi da hana kayan hawa. Kaga shafi irin YouTube da ake zuba wa bidiyo na sama da awa 500 a kowane minti ba mutum zai sa ya zauna yana kallo ba, na'ura zai sa ta riƙa tacewa kamar rariya, kuma duk wanda yake tsoron kotu gara ya toshe da yawa da ya bari ɗaya ya wuce. Shi ya sa matasa suka cika titunan Jamus da zanga-zanga a lokacin, har Wikipedia ta Jamusanci ta rufe shafinta na yini guda.

Gaskiya ne dokar a ƙasashensu 27 take aiki, kuma ita na'urar YouTube ɗin da ta kama sautin bidiyona, wato Content ID, ta girmi dokar, tun 2007 take. Amma ni a ganina kamfanin da aka matsa wa a can ba zai sassauta rariyarsa saboda Gombe ba. Sannan ƴan uwanmu da suke Italiya da Jamus da Faransa suna kallonmu sosai saboda kewar gida, kuma tallan can ya fi na nan tsoka nesa ba kusa ba, in aka toshe maka bidiyo a can ka ji a jikinka.

Ba wai ina kushe dokar gaba ɗaya ba ne. Duk wanda ya ga yadda ake kwashe finafinan Kannywood ana ɗorawa a tashoshin da ba na masu su ba ya san akwai zalunci da ya kamata a tare. Kuma akwai wani ɓangare da nake so, wanda ya ce kamfani ya riƙa faɗa wa mawaƙi ko marubuci abin da aikinsa ya kawo aƙalla sau ɗaya a shekara, in kuɗin da aka ba shi tun farko ya yi kaɗan ƙwarai yana da ikon neman ƙari. Mawaƙanmu nawa ne suka sayar da waƙa a kuɗin cefane wani yake ci har yau? Dokar ta kuma bar ƙofar sharhi da suka da barkwanci, kuma da Poland ta kai ƙara, kotun Turai a Afrilun 2022 ta bar sashe na 17 ɗin amma ta ce kada a toshe abin da yake halal. Matsalar ita ce na'ura ba ta san asali ba, wanda ya riga shigar da suna shi ta sani.

Nan ne nake kira ga Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya. Muna da sabuwar doka da marigayi Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta yi maganar kayan intanet har da kariya ga kayan gargajiya, amma ni a zaman da muke da abokan sana'a a Jekadafari ban taɓa jin wanda aka zaunar aka yi wa bayaninta da Hausa ba. Su zo Gombe da Bauchi, su shiga rediyo, su koya mana rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce. Ƙungiyoyin mawaƙa da ma'aikatar al'adu ta jiha su kuma su bi dattawan nan masu garaya da kalangu da algaita gida-gida a naɗi kiɗansu da sunansu da kwanan wata, a samu hujjar da za a nuna in rigima ta taso.

Ni dai yanzu duk makaɗin da zan ɗauka sai na fara naɗar muryarsa yana faɗin sunansa da garinsu da cewa ya yarda, kuma bayan sallah zan koma Dukku in yi wa Baba haka.

Nagode.

Naku,
Mai ɗaukar bidiyo, Jekadafari, Gombe