Gwanjon kayan da aka rasa masu su: a duba kafin a taya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu ja hankalin 'yan uwa, musamman matasan jihar Kebbi, kan sayen kayan gwanjo na hukuma, wato kayan da aka kama, da saƙonnin da masu su ba su zo sun karɓa ba, da kayan tsintuwa da suka daɗe a ajiye. Sana'a ce ta halal kuma ana cin abinci da ita. Damuwarmu ita ce yadda mutane ke afka mata don sun ji an ce da araha, su zuba jarinsu, ƙarshe su tashi ba tsuntsu ba tarko.

A fara da tambayar wa ke sayarwa. Hukumar Kwastam tana gwanjon kayan da ta kama da waɗanda suka wuce wa'adi a tashoshin jiragen ruwa. Tun 2017 ta mayar da gwanjon kan intanet, ta kuma sake buɗe shafin a watan Janairun 2024. Mai son shiga sai yana da lambar biyan haraji ta TIN, ya yi rajista da kansa, kuma adireshin shafin yana ƙarewa ne da gov.ng. Ana biyan kuɗi a asusun gwamnati. Duk wanda ya turo maka hoton mota a Facebook ko WhatsApp, sanye da kakin Kwastam, ya ce ka tura kafin alƙalami a asusunsa zai cire maka ita daga jerin gwanjo, ɗan damfara ne, kuma hukumar kanta ta sha yin wannan gargaɗi. A ɓangaren 'yan sanda kuwa, babur ko motar da ta shekara a harabar caji ofis ba a sayar da ita sai da izinin kotu, ta hannun mai gwanjo da ke da lasisi. Idan aka ce maka "ai oga ne ya ce a sayar", ka nemi ganin takardar kotun. In ba a nuna maka ba, ka kama gabanka.

Mun daɗe a kan wannan batu na takarda saboda a gwanjo ita ce rabin abin da ka saya. Ka karɓi rasit mai ɗauke da sunanka, da lambar kayan a jerin gwanjo, da takardar sakin kaya mai hatimi. In abin hawa ne, lambar inji da lambar bodi da ke jikin ƙarfen su yi daidai da na takarda harafi da harafi. Ka tsuguna ka goge wurin da tsumma da ɗan fetur ka karanta da idonka. Idan ka ga alamar an goge lamba da dutsen wasa an sake bugawa, bar shi ko da kyauta ne. Hanyar Kamba da ta Tsamiya da ta Yauri cike suke da shingaye, kuma jami'in da ya tsayar da kai ba ruwansa da labarin gwanjo, takarda zai duba. Ranar da mai kayan na asali ya ɓullo, ita ce kaɗai za ta raba ka da tuhumar karɓar kayan sata.

Sai duba kaya. Babur ɗin da ya sha damina biyu a fili, abin da ya fi yawa shi ne tanki ya yi tsatsa daga ciki, tsohon mai ya daskare a kafireto, batir ya mutu, tayoyi sun tsattsage. Duk waɗannan gyara ne mai sauƙi. Abin tsoro shi ne inji. Taka kik a hankali: in ya sauka da ɗan nauyi, fistin yana motsi, in ya ƙi motsi sam, ruwa ya shiga ya kama, ka sa kuɗin buɗe inji a lissafi. A mota, zaro sandar gwajin baƙin mai. In ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya gauraya da shi. Leƙa ƙarƙashi ka ga ko an yanke abin nan na bututun hayaƙi da makanikai ke kira indomi, domin shi ake fara sacewa a motar da ta daɗe a ajiye. Duba wayoyin wuta, ɓeraye suna cin su. Ka tambaya ko akwai makulli, saboda motocin zamani yanka musu sabo da saita shi da kwamfuta ba ƙaramin kuɗi ba ne. Kuma ka tafi da makanikenka, kada ka dogara da wanda ka tarar a wurin.

Wayar hannu ta fi komai jawo rigima. Danna *#06# lambar shaidar wayar, wato IMEI, mai alƙaluma 15 za ta fito. A rubuta ta a rasit. Wayar da ke kulle da asusun mai ita na iCloud ko Google, kuɗin gilashi da batir kawai za ka taya, don a matsayin kayan gyara za ta tafi. Shinkafa kuwa, kada ka yarda da buhun sama. Sa a zaro na ƙasa da na jikin bango, nan laima ke taruwa, ka soka ka shinshina. Magani da abincin gwangwani da man shafawa da suka sha zafin sito, shawararmu a bar su gaba ɗaya, ko da kwanan watansu bai ƙare ba, domin lafiyar mutane ce.

Yanzu lissafi, inda aka fi faɗuwa. Daga farashin sayarwa ake farawa a yo baya. A ce babur ne da in ya gyaru za ka sayar naira 600,000. Gyara zai ci 120,000, ɗauko shi da sabunta takardu 30,000, kana son ribar 70,000. Saura 380,000, kuma a ciki ne za ka fitar da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari. Ke nan iyakarka 350,000, harajinta 26,250. Rubuta wannan adadi a takarda tun daga gida. Idan tayi ya yi zafi, zuciya takan ce ƙara dubu goma kada wane ya kayar da kai, a haka mutum ke sayen tsohon babur da kuɗin sabo. Akwai ma masu taya kaya ba da niyyar saye ba, sai don su ɗaga farashi. Kayan da ke tashar jiragen ruwa ta Legas ko ta Onne a jihar Ribas kuma, ka san kuɗin motar da za ta kawo su Birnin Kebbi da kuɗin ajiyar tasha kafin ka taya, don akwai wa'adin biya da na kwashewa, wanda ya saɓa yana iya rasa kayan.

Akwai wani sabon salo da muke so a yi hattara da shi: kwalaye a rufe, a ce saƙonni ne da ba a karɓa ba, ka biya ka buɗe ka ga rabonka. Wannan cinikin biri a sama ne. Wanda ya haɗa kwalin ya riga ka sanin abin da ke ciki, kuma ba zai bar maka mai tsada ba. Malamanmu sun yi bayani cewa cinikin abin da ba a san ko mene ne ba haramun ne. Haka kuma a shari'a tsintuwa mai daraja sai an yi cigiyarta shekara guda. Wannan ya shafi tashoshin motarmu, inda saƙonni ke taruwa a ofishin 'yan kamasho: direba ya kawo, lambar wayar da aka rubuta a jiki ba ta shiga, shi ke nan. Ya kamata kowace tasha ta ajiye littafi, a rubuta ranar zuwan saƙo, lambar mota, sunan mai aikowa da na mai karɓa, a kuma nemi mai aikowa kafin a yi maganar sayarwa.

Roƙonmu ga Kwastam reshen Kebbi da rundunar 'yan sandan jiha shi ne a riƙa sanar da gwanjo da Hausa a gidajen rediyo, aƙalla mako biyu kafin ranar, a karanto lambobin ababen hawa domin mai cigiya a Argungu ko Zuru ko Jega ya ji ya zo da shaidarsa. A ware ranar duba kaya daban da ranar tayi. A kuma tsara shiga da fita, domin ba mu manta da rayukan da aka rasa a turmutsitsin sayen shinkafar Kwastam a Yaba ta Legas cikin Fabrairun 2024 ba. Bayan an gama, a manna sunan kowane kaya da farashin da aka sallama shi a allon ofis inda kowa zai gani.

Wassalam.

Daga wasu dillalan kayan gwanjo,
Birnin Kebbi.