Ya kamata koci ya daina yi wa yara kuɗin goro

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in tofa albarkacin bakina kan wasannin makarantu. Ana yawan cewa ƙwallo na haɗa kan yara komai bambancin ƙabila ko addininsu. Gaskiya ne, amma fa sai an dace da mai horarwa.

Wani kocin kafin ya taka fili ya gama yanke hukunci: 'ya'yan wannan ƙabila gudu kawai suka iya, na waccan ba sa jin magana, yarinya mai hijabi kuwa ba ta da abin yi a fili. A kan wannan zato yake raba gurabe, sai ka ga yaro ya gama makaranta a kan benci ba a taɓa gwada shi ba. Abin yana ci mini rai, domin yaro yana gane an raina shi ko ba a faɗa ba. Su ma ɗaliban suna da nasu: idan kocin baƙo ne, tun bai hura usur ba sun ce nasa zai fifita.

A 1954 masanin halayyar ɗan Adam Muzafer Sherif ya raba yara maza 22 gida biyu a wani sansani a jihar Oklahoma ta Amurka. Asalinsu ɗaya ne, amma da aka haɗa su gasa sai gaba ta shiga, har wani ɓangare ya ƙona tutar ɗaya. Ba su shirya ba sai da aka ba su aikin da ya fi ƙarfin ɓangare guda, irin gyara ruwan sansanin da jan motar da ta ƙi tashi. Ke nan kocin da ya bar yara su ware ƙabila-ƙabila a atisaye, wutar yake ƙara hurawa.

Ya kamata koci ya gauraya yaran da hannunsa, ya gwada kowa a kowane gurbi, kyaftin ya riƙa zagayawa. Batun hijabi ma an wuce wurin, tunda masu tsara dokokin ƙwallon ƙafa na duniya sun amince da shi a 2014, na ƙwallon kwando kuma a 2017.

Ina kira ga shugabannin makarantu su riƙa leƙa fili lokacin atisaye, su tambayi koci dalilin zaman kowane yaro a benci.

Naka,
Wani mahaifi mai karanta jaridarku